Daga Rumfar Gawayi Zuwa Zauren Majalisa

  

Duk wanda ya ratsa Hanwa ko Tudun Wada ya ga yadda kasuwar gawayi ta bunƙasa tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur. Tsadar rayuwa ta sa gidaje da yawa sun jingine risho da tukunyar gas, sun koma ga kurfoti. Inda kuɗi ya taru kuwa, nan jam'iyyu ke zuwa neman ɗan takara. To, idan dillalin gawayi ya nemi ɗaya daga kujeru 34 na Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, mene ne matsayinmu?

Ba mu ga aibi a sana'arsa ba, kuma baƙin gawayi a hannu ba abin kunya ba ne. Ɗan kasuwa a majalisa ma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, ya karɓi ragamar kamfanin gidansu a 1960, ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa kafin juyin mulkin 1966, sannan ya riƙe kwamishina a Kano zamanin Audu Baƙo. Da arzikinsa ya shiga. A wannan zaure na Lugard Hall da ke Kaduna ne wakilanmu ke zama a yau.

Abin da muke tsoro shi ne haɗa rumfa da kujera a hannu ɗaya. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da aka yi wa Sayyidina Abubakar (R.A.) mubaya'a, ya ɗauki tufafinsa ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba, sai Umar da Abu Ubaida suka tare shi, aka yanka masa abin da zai ciyar da iyalinsa daga baitulmali. Ba don ana zarginsa ba. Haƙƙin jama'a ne ya riga ya cinye lokacinsa. Ibnu Khaldun ma ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayyana yadda fataucin mai mulki ke cutar da talakawa, ya kuma karya kuɗin shigar hukuma. Hatta Kundin Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma, ya kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa.

Ga mai gawayi lamarin ya fi tsanani, domin hajarsa itace ce da aka sare aka turara a rami, kula da gandun daji kuwa yana hannun gwamnatin jiha. Ranar da aka kawo dokar taƙaita sare itatuwa, alhali motocinsa na kan hanyar daji, da wane baki zai yi magana: na wakilin jama'a ko na uban gidan masu gatari? Idan kuma aka hana gawayi ba tare da an sauƙaƙa wa talaka wani makamashi ba, uwargida ce za ta rasa abin hura wuta. Wanda ya san sana'ar ciki da bai zai iya amfanar majalisa a nan, matuƙar aljihunsa ba ya cikin muhawarar.

Saboda haka muna kira ga limamai da dattawan Hanwa: duk ɗan kasuwar da ya zo neman goyon baya, kada a tsaya ga buhunan shinkafar da ya raba da azumi. A tambayi abokan cinikinsa yadda awonsa yake da yadda yake biyan bashi, sannan ya faɗa a gaban shaidu wanda zai miƙa wa rumfarsa ranar da aka rantsar da shi.