TSOHON WASA A SABON MAZUBI

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin wannan batu a mujallar da aka saba cikawa da nazarin waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da ƙa'idojin rubutu. Za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon a yi mini uzuri a bi ni sannu. Abin da nake son in nuna shi ne, kukan da masu wasan bidiyo ke yi duk sa'ad da aka ɗauki wani tsohon wasa aka mai da shi kan sabuwar na'ura, kuka ne irin wanda mu ma muke yi a wannan sashe, sai dai mu mukan sa masa suna mai nauyi.

Duk wanda ya tashi a Gusau bayan shekarar 2000, ko a Tudun Wada ne ko Sabon Gari ko Samaru, ya san gidan gem. Shago ne ɗan ƙarami, da benci biyu ko uku, da talabijin mai ƙaton ƙeya, da janareta yana ruri a ƙofa. A gaban talabijin ɗin kuwa akwai baƙar na'urar nan ta kamfanin Sony, watau PlayStation 2, wadda ta fito a Japan a shekarar 2000, aka kuma sayar da fiye da miliyan 150 nata a duniya. Haka abin yake a Tsafe da Bungudu, in ban da cewa can an fi ƙarancin talabijin, saboda haka layi ya fi tsawo. Wasa biyu ne suka mallaki waɗannan shaguna. Na farko ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, wanda wasu suka sani da Winning Eleven, wasu kuma PES. Na biyu shi ne San Andreas na kamfanin Rockstar, wanda ya fito a watan Oktoba na 2004, inda mai wasa ke juya wani saurayi da ake kira CJ a cikin birane uku na ƙage da aka kwaikwayo daga yammacin Amurka. Babu wasan da aka saya a kan wannan na'ura kamarsa: ya haura kwafi miliyan 17.

To, shi San Andreas ɗin nan ya sha ƙaura. A watan Disamba na 2013 aka mai da shi wayar hannu. Daga wannan na wayar aka sake ɗebo shi aka kai wasu na'urori. Sa'an nan a ranar 11 ga Nuwamba, 2021, kamfanin ya fito da shi tare da 'yan'uwansa biyu a cikin sabon ƙunshi domin na'urorin zamani, ya kuma laƙaba masa sunan Definitive Edition, ma'ana bugun da babu wani bayansa. Abin da ya biyo baya ba a manta da shi ba. Masoya wasan a ko'ina cikin duniya suka yi ca. Fuskokin mutanen ciki sun lalace, wasu kamar an ƙera su da danƙo. Ruwan sama yana zuba fari fat har mai wasa ba ya ganin gabansa. An cire waɗansu waƙoƙi da ake ji a rediyon motocin wasan domin wa'adin izininsu ya ƙare. Ba a yi kwana goma ba kamfanin ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

Akwai ƙorafi guda biyu da nake so mai karatu ya tsaya a kansu, domin su ne ƙashin bayan maganata.

Na farko shi ne hazo. Tsohuwar na'urar ba ta da ƙarfin da za ta zana abin da ke nesa, saboda haka masu ƙirar asali suka lulluɓe nesa da wani hazo ja-ja mai kama da na hunturunmu. Dole ce ta sa su, amma da yake gwanaye ne sai suka mai da dolen ado. Mai wasa yakan ji ƙasar tana da faɗi ƙwarai, ya yi ta tuƙi bai san abin da ke gaba ba. Da aka zo sabuwar na'ura mai ƙarfi, sai masu gyara suka ga hazon nan naƙasa ne, suka share shi. Nan take asiri ya tonu: mutum ya hau dogon bene ya hango biranen uku gaba ɗaya kamar an jera su a faifai, ashe duk ƙasar ba ta taka kara ta karya ba. Na biyu kuwa ya fi ban dariya. A kan wani shagon cincin a cikin wasan akwai alama mai siffar noti na makanikai, mai kusurwa shida, domin sunan shagon wasa ne da kalmar noti a Ingilishi. Na'urar da aka sa ta goge tsofaffin zane-zane ta ɗauka kusurwoyin nan kuskure ne, ta murje su, noti ya koma zobe. Zane ya yi sumul, barkwanci ya mutu.

Yanzu ina tambayar 'yan'uwana da suka taɓa zama da rikoda suna juyar waƙar baka zuwa takarda: wannan bai yi muku kama da wani abu ba? Makaɗan ƙasar nan tamu, irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, da bakin Zamfara suka yi waƙa. Inda Bakano zai ce "yana", su "shina" suke cewa. Inda zai ce "fara", su ce "hwara". Sau nawa muka ga ɗalibi, da kyakkyawar niyya, ya bi waƙa yana mai da ita Daidaitacciyar Hausa, yana ganin gyara yake yi? Ya murje kusurwar noti ke nan. Wani lokaci har ma'auni ya karye, domin gaɓar da ya cire ita ke ɗauke da nauyin kiɗan. Ban da wannan, takarda ba ta ɗaukar kotso, ba ta ɗaukar 'yan amshi, ba ta ɗaukar inda makaɗi ya ja numfashi ya bar fada ta yi tsit. Haka kuma idan wani mawaƙin zamani ya ɗauko tsohuwar waƙa ya sake rera ta da fiyano, dattawa suka ce ba ita ba ce, ba mu cewa sun cika mita. Cewa muke yi suna da kunne. To, don me za mu hana wa yaron gidan gem wannan shaida? Shi ma abin da ya gane ke nan, cewa mazubi yana cikin abin da aka zuba, kuma wanda zai sauya mazubi amana ya ɗauka. Hujja kuwa ita ce, a watan Nuwamba na 2024 kamfanin da kansa ya ƙara wa sabon bugun wani zaɓi da ke dawo da launi da hazo irin na dā. Shekara uku aka yi kafin a yarda cewa masu kuka suna da gaskiya.

Ba na cewa duk kukan daidai ne. Wani ba hazo yake nema ba, ƙuruciyarsa yake nema, ita kuwa babu kamfanin da zai dawo masa da ita. Kuma ƙaurar wasanni zuwa waya ta yi wani alheri da masu mita ba su cika faɗa ba. Gidan gem na maza ne, kuma na 'yan cikin gari. Yarinya ba ta shiga, ɗan ƙauye sai ranar kasuwa. Yau da 'yar manhajar nan PPSSPP, wadda aka ƙirƙiro a 2012 domin kunna wasannin ƙaramar na'urar PSP, yaron da ke bayan Bungudu yana buga ƙwallonsa a waya ba tare da ya biya kowa ba. Ya kamata kuma in faɗi, don kada a ce na rufe ido, cewa San Andreas wasa ne mai harbe-harbe da sata da batsa, masu shi ma sun rubuta a jikinsa cewa na manya ne, amma a shagunanmu 'yan shekara goma suka yi ta buga shi babu mai tsawatawa. A jihar da ta ga abin da bindiga ke yi, wannan ba abin wasa ba ne. Sai dai wannan muhawara ce dabam, kuma ba ta soke waccan ba.

Abin da ya fi damuna a cikin lamarin 2021 ba munin fuskoki ba ne. Kafin sabon bugun ya fito, kamfanin ya janye tsofaffin daga kasuwannin intanet, watau wanda bai riga ya saya ba, ba shi da zaɓi sai sabon. Sai da aka yi ta kuka sa'an nan ya yi alkawarin mai da su ga masu kwamfuta. A ce wani ya sake buga Magana Jari Ce da sauƙaƙan kalmomi, sa'an nan ya bi kantuna ya kwashe na Abubakar Imam na asali. Wane malami ne a sashen nan zai yi shiru?

Mu a Zamfara mun ga wani gefe na wannan da mutanen Turai ba su gani ba. A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta sami sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A cikin wannan duhu ne, ranar 30 ga Satumba, Konami ya maye gurbin PES da wani sabo mai suna eFootball, wanda aka gina shi a kan saukewa da haɗuwa ta intanet. Duniya ta yi masa ature, ya zama cikin waɗanda aka fi kushewa a kasuwar Steam, kamfanin ya ba da haƙuri. Mu duk wannan a labari muka ji shi daga baya. Ina Tsafe a waɗannan makonni, kuma na ga abin da ya faru: duk wasan da ke neman sabis ya zama gawa a cikin waya, amma wani mai shago da ya daɗe da jingine tsohuwar PlayStation 2 ɗinsa a ƙarƙashin tebur ya kakkaɓe ta, ya hura faifai ya goge da bakin riga, ta tashi. Ba ta tambayi kowa izini ba. Matsalarta ɗaya ita ce wuta, domin an hana sayar da fetur a jarka, saboda haka sai an yi dabara. A 'yan kwanakin nan bencin ya sake cika, har da magidanta da suka zo wai kallo kawai za su yi. Tun daga lokacin na daina ɗaukar maganar "sabo ya fi tsoho" da sauƙi. Tsohon faifai, ko da ya karce, naka ne. Sabon kuwa aro aka ba ka, kuma mai shi yana can wata ƙasa, yana iya sauya shi ko ya janye shi kana barci. Ba mu kaɗai muka gane haka ba. A Brazil ma masoya ƙwallo sun shekara da shekaru suna sabunta sunayen 'yan wasa a kan tsohon wasan PlayStation 2 da hannunsu, alhali kamfanin ya daina yi wa na'urar sabo tun PES 2014.

Akwai kuma abin da babu injiniyan da zai iya ƙaurar da shi. Dara rami talatin ce da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, kowa na iya zana ta a allo ko ya sa ta a waya. Amma wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiya inda dattawa ke buga ta ya san rabin darar a bakin 'yan kallo take: zuga, da habaici, da shewar da ke tashi idan an ci mutum. Gidan gem ma haka yake. Wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri, ana yi masa tsiya har ƙofa. Akwai yaron da ba shi da ko sisi amma ya haddace lambobin sirri na San Andreas kaf, ana kiransa ya danna wa mutane, a saka masa da minti biyar. Akwai laƙabobi, da kirari da ake yi wa gwanaye, da kalmomin Ingilishi da Japananci da yara suka ji daga bakin mai sharhin wasan suka tanƙwara su suka zama Hausa. Da wasan ya koma waya, kowa ya sunkuyar da kai a kan gilashinsa. Idan saurayi ya ce maka na waya "ba shi da daɗi", sau da yawa ba gilashin yake nufi ba, bencin yake nufi, sai dai bai sami kalmar ba.

Wannan fa aikinmu ne, ba na Rockstar ko Konami ba. Mun rubuta kundaye a kan langa da 'yar tsana da wasan gauta, kuma mun kyauta. Amma yaran da suka cika waɗancan shaguna a 2005 yau sun haura shekara talatin, masu shagunan da yawa sun koma cajin waya ko sana'ar POS, talabijin masu ƙeya kuma suna hannun 'yan gwangwan. Ina ba ɗaliban aji huɗu da ke neman batun kundi shawara su duba nan: a ɗauki rikoda a bi Gusau da Tsafe da Bungudu, a zauna da tsofaffin masu gidajen gem da abokan cinikinsu, a tattara kalmominsu da kirarinsu da dokokin layinsu. Kuma wanda zai juya hirar zuwa takarda, don Allah ya bar ta da bakin Zamfara yadda aka faɗe ta. Mai shagon nan na Tsafe, da na koma a hutun da ya wuce, ya ce mini na'urar tana nan, amma idon da ke karanta faifai ya fara rauni, sai ya kifa ta sa'an nan take tashi.