Daga Sabo Ibadan: Bazara, Jinya da Neman Asali

Makonni uku ke nan ba ku ji ɗuriyata a wannan fili ba, har waɗansu suka aiko suna tambaya ko lafiya. To, zazzaɓi ne ya kayar da ni, amma alhamdu lillahi na sami sauƙi, sai ɗan rashin ƙarfin jiki.

A nan Ibadan ruwan farko ya riga ya sauka, ƙura ta kwanta, mangwaro ya cika kasuwa. Can gida kuwa bazara ta tsaya da ƙafafunta, rana na dukan ƙasa, dare ba iska. Lokacin sanƙarau ke nan, saboda haka a rage cunkoso a ɗakin kwana, kuma wanda ya ji zazzaɓi da sanƙarewar wuya a gaggauta kai shi asibiti.

Da ya ke kwanciya ta hana ni fita, sai na duƙufa kan littafin da masanin tarihin nan Paul Lovejoy ya buga a 1980 game da fataucin goro. A ciki ya bi sawun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, watau fataken da su kan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu har Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro bayan watanni masu yawa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sa'an nan ciniki ya karkato kudu. Unguwarmu ta Sabo an kafa ta a 1916.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun muna yara a ke gaya mana kakanninmu daga Gabas suka zo. Ina murmurewa na buga wa gwaggona waya, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara tamanin a wani ƙauye arewa da Kano. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, wace Gabas? Mu Agalawa ne. Kakan ubanka daga wajen Azbin iyayensa suka gangaro, a bayan jaki ya girma." Ta lissafa mini kakanni biyar, ta tsaya a na shida, ta ce yayarta ce ta san shi, ita kuwa ta rasu bara.

Wannan magana ta hana ni barci. Shekara guda kacal na makara, suna ɗaya ya tafi kabari har abada. Ban ji kunyar zama jikan mai kora jaki ba, domin da guminsa aka gina gidan da na tashi a ciki. Kunyar da na ji ita ce ta sakacin da na yi.

Saboda haka na ƙudura, kafin damina ta kankama, zan tafi da littafi da alƙalami in zauna gaban gwaggo, daga nan in biya Kaduna in duba takardun haraji na zamanin Turawa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Kai ma mai karatu, in kana da tsoho a gida, kada ka jira sai Salla. Je ka tambaye shi yau, ka rubuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.