Faɗin baki ake dubawa, ba lambar da ke jikin kwali ba

Magidancin da ya ƙudiri niyyar saya wa 'ya'yansa madubin hangen taurari, abin da zai fara ɗaukar masa ido shi ne lambar da aka rangaɗa a jikin kwali, wai yana ƙara girman abu sau 525. A nan kuɗi ke salwanta. Aikin madubin tara haske ne, kuma faɗin bakinsa ne ke yanke yawan hasken da zai tara. Masana harkar suna da ma'auni: a auna bakin da milimita, a ninka sau biyu, iyakarsa ke nan. Mai milimita 70 ba ya wuce sau 140 sai hoto ya dagule.

Ba a ma buƙatar kaiwa can. A 1610 Galileo ya hango watanni huɗu na duniyar Mushtari da madubin da ƙarfinsa bai wuce kusan sau 20 ba. Zoben Zuhal kuwa, sau 50 ya isa yaro ya gan shi sarai.

Abu na biyu da ake rainawa shi ne ƙafafu. Duniya juyawa take yi, don haka abin da aka saita yakan sulale ya fita cikin 'yan mintuna, dole a riƙa binsa. Idan ƙafafun na rawa, da Yaya ya taɓa sai wata ya ɓace, kafin layi ya zo kan Auta an fara kuka. Shi ya sa samfurin Dobson ya fi dacewa da gida mai yara. John Dobson, wanda ya yi shekaru yana kafa madubinsa a titunan San Francisco ta Amurka don masu wucewa su leƙa, ya ɗora bututun ne a kan akwatin katako mai juyawa. Ana tura shi da hannu, inda aka bar shi nan yake tsayawa. Mai milimita 130 ko 150 zai yi wa iyali shekaru.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya nemi mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50. Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga taurari shida ko bakwai, a cikinsa sai ta fito da gommai.

Akwai masu cewa fitilun unguwa sun riga sun kashe sama, sayen madubi ɓata kuɗi ne. Gaskiyarsu rabi ce. A Kubwa ko Kumbotso taurari masu rauni sun dushe, amma wata, Zara, Mushtari da Zuhal ba ruwansu da fitilar titi. Zara ma, wadda ake wa kirari da matar wata, a madubi tana cika tana raguwa kamar mijin nata. Kuma daren da aka ɗauke wuta, kafin janaretoci su tashi, dama ce da ba a so a bari ta wuce. Ido na buƙatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu, saboda haka a ajiye waya bayan an duba manhajar taswirar sama ta Stellarium.

Wata ya fi kyan kallo wajen kwana bakwai da tsayuwarsa, lokacin da inuwa ke fito da ramuka da duwatsunsa. Daren sha huɗu haske ne kawai mai kashe ido. A shekara kuma, ƙarshen damina ya fi, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hazon hunturu ya sauko.

Rana ce kaɗai ba a wasa da ita. Leƙa ta da madubi na iya ƙona ido nan take, kuma ba ya warkewa. Da gari ya waye a rufe bakin, a kai shi ɗakin da yara ba sa shiga.