Zuwa ga 'Ya'yanmu Mawaƙan Fiyano

Daga nan Boko nake rubuto muku, ni da na tsufa da rediyo a kunne.

Muryoyinku da zaƙi, kuma kun kai Hausa cikin wayar kowa, har Yamai da Jidda. Allah Ya ƙara basira.

To, amma wani biki na je a Kankia bayan Sallah. Wani dattijo ya zo da kalangunsa da 'yan amshi biyu. Bai ko gama gyara tsarkiya ba, sai wani yaro daga cikinku ya ɗauki lasifika ya ce a kawar da maroƙa, masu fasaha sun iso. Maroƙa! Da ya danna fiyanon nasa, me ya fito? Kiɗan kalangu. An kori mai abu, ana rawa da kwaikwayon abinsa.

Ciwon wannan suna ba yau ya fara ba. An daɗe a ƙasar nan ana ba makaɗi riga da doki, amma a hana shi 'ya. Duk da haka, Mamman Shata, ɗan Musawa nan kusa da mu, da kalangun nan da kuke kira na ƙauye ya karɓi digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1988. A tsaye yake ƙaga waƙa, 'yan amshi na karɓa, babu na'urar da ke gyara masa murya. Barmani Coge kuwa, a zamaninta, da ƙwarya kawai take tayar da gidan biki. Tun da Shata ya rasu a 1999, ban sake tsayar da keke don in ji ƙarshen wata waƙa ba.

Ku ma ai 'yan nanaye ake ce muku, masu ɓata tarbiyya. Ya yi muku daɗi? Kun san zafinsa, sannan ku sauke shi a kan wanda ya haifi sana'arku?

In ma roƙon ne, mu duba. Narambaɗa da kotsonsa, Sarkin Gobir na Isa ya riƙe ubangida, kowa ya san na wane ne. Ku kuwa bana ku wasa ɗan takara, baɗi ku zage shi a waƙar abokin hamayyarsa. Wane ne maroƙi a nan?

Ku yi haƙuri, 'ya'yana, harshen tsoho ne. Dattijon nan na bikin Kankia yana nan da ransa. In kun sake haɗuwa, ku bar shi ya buɗe fili, ku kai shi sitidiyo ya kaɗa da hannunsa, ku biya shi.

Naku,
wani tsoho daga Boko