Uwargida, Duba Bakin Igiyar Gugarki

Yau maganarmu a kan bakin igiya take, kada kuwa ki ce ƙaramar magana ce.

Daga watan Maris zuwa Mayu ruwan rijiya yakan yi ƙasa a Gwandu da Kalgo, igiya ta yi ta shan ja safe da yamma. Wadda aka yanko a kasuwa aka bar bakinta haka nan, tun ranar take fara warwarewa. Sili ɗaya ya saki, ƙulli ya zame, guga ya faɗa. In ƙugiya ta kāsa ciro shi, sai ki ji an ce yaro ya shiga. Wannan shi ne abin da muke ƙi. Rijiya mai zurfi takan tara mugunyar iska a ƙasa, ta sumar da babba ma, balle yaro.

Maganin kuwa yana hannunki. In igiyar roba ce, kanga bakinta a wutar ashana har silin su narke su haɗe, sa'an nan ki danne da gefen wuƙa. Kada ki taɓa da yatsa, narkakkiyar roba manne wa fata take yi.

Amma igiyar rama, da ta kaba, da wadda ake tufkawa da ɓawon kuka ko na kalgo, wuta cinye su take yi, sai dai naɗi. Samo zare mai ƙarfi, ki lanƙwasa kansa ya yi hanci, ki kwantar bisa igiyar, hancin yana wajen baki. Yi ta naɗewa a kansa tamau, har faɗin naɗin ya ɗara kaurin igiyar. Zura ƙarshen zaren cikin hancin, ki ja ɗaya kan har hancin ya shige ƙarƙashin naɗi, ki datse saura. In sabuwa za a raba, a naɗe wuri 2 tukuna, a yanka tsakani.

Galibinmu ƙulli muke yi mu wuce. Ya fi babu, amma a igiyar roba sulluɓewa yake yi.

Ku 'yan makaranta, ku gwada hannu a mazagi da igiyar akuya. In an gama ɗiban ruwa kuma, a rataye igiya a inuwa, don rana na cin ta roba, laima na ruɓar da ta rama.