Yadda Ake Cin Aboki a Karta Ba Tare da An Rasa Shi Ba

Idan an kammala girbin gero da dawa, an kai riɗi kasuwa, rani ya kankama a ƙasar Babura, lokaci yakan yi wa matasa yawa. A Kanya Babba, kamar sauran garuruwan arewa maso yammacin Jigawa daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, akan tarar da su bayan la'asar a gindin bishiya ko kusa da teburin mai shayi, an shimfiɗa tabarma an raba karta. A irin wannan majalisa da wuya a rasa abokai biyu da suka daɗe suna karawa, ɗaya kullum shi ke ci, ɗayan kuma kullum yana ɗora laifi a kan sa'a. Wanda ake ci yakan nemi a sake garwaya katunan, ko a canza mai rabo, ko a sayo sabon ƙunshi, amma gobe ma haka za a tashi.

Sa'a tana da hannu a wasa ɗaya ko biyu. Idan mutum guda ya yi wata shida yana cin abokinsa, akwai abin da ya sani wanda abokin bai sani ba, kuma abin nan ana koyonsa. Ya san abin da ke cikin ƙunshin karta, ya kuma san halin mutumin da ke zaune gabansa. Duk mai son ya juya akalar wasa sai ya nemi waɗannan biyun, sannan ya san inda ya kamata ya tsaya, domin akwai nasarar da ke cinye abota.

Kartar da kowa ke haɗa tasa

Wannan matsala ta cin aboki ta samu nazari mai zurfi a wani nau'in karta da bai yaɗu a ƙasar Hausa ba. A shekarar 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering ta hannun kamfanin Wizards of the Coast. Sabon abin da ya kawo shi ne kowane ɗan wasa yana zuwa da ƙunshinsa na kansa, wanda ya zaɓo daga katunan da ya saya ko ya yi musaya da wasu. Daga baya Japan ta fito da kartar Pokémon a 1996, da ta Yu-Gi-Oh! a 1999, duk a kan wannan tsari.

A gasar Magic, ƙunshi ba ya gaza kati 60, kuma ba a sa fiye da huɗu na kati iri ɗaya, sai katunan ƙasa na asali. Gwanaye suna tsayawa a kan 60 cif, saboda kowane kati da aka ƙara yana rage damar jawo wanda ake buƙata. Lissafin a fili yake: wanda ya sa huɗu na kati mai muhimmanci a cikin 60 yana da damar kusan kashi 40 cikin 100 ya same shi a katuna bakwai na farko. Wanda ya cika ƙunshinsa da duk abin da ya burge shi ya rage wa kansa wannan dama da hannunsa.

Akwai kuma katuna 15 na ajiya da ɗan wasa ke riƙewa a gefe. Ana buga karawa ne a zagaye uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma bayan zagayen farko an yarda mutum ya cire wasu katuna ya maye gurbinsu da na ajiya. Ma'anar wannan doka ita ce zagayen farko na leƙen asiri ne. A nan ake gane ko abokin karawa mai gaggawar kai hari ne, ko mai jan lokaci yana tare duk abin da aka jefo masa har a gaji, ko kuwa mai jiran katuna biyu ko uku su haɗu ya gama wasa a bugu ɗaya. Kowane iri yana da maganinsa. Mai gaggawa, a tsira daga farmakinsa na farko, hannunsa zai ƙare. Mai jan lokaci, a matsa masa tun bai shirya ba. Mai jiran haɗuwar katuna, a raba shi da ɗaya daga cikinsu.

A 1999 wani marubucin wasan, Mike Flores, ya wallafa maƙalar da har yau ake komawa gare ta. Abin da ya nuna shi ne a kowace karawa ɗaya ne ya kamata ya zama mai kai hari, ɗayan mai tsaro, kuma wanda ya yi kuskuren gane matsayinsa shi ke faɗuwa ko da katunansa sun fi kyau. Wannan darasi bai buƙatar kati mai tsada, yana aiki a kan tabarmar Kanya Babba kamar yadda yake aiki a zauren gasa.

Abin da ke cikin ƙunshin Whot

Kartar da aka fi bugawa a Najeriya ita ce Whot, wadda William Henry Storey ya ƙirƙiro a Ingila, aka yi mata rajista a 1935. A nan babu mai zuwa da ƙunshinsa, kowa daga tari ɗaya yake ɗiba, wanda 'yan wasa ke kira maket, wato kasuwa. Saboda haka attajiri da talaka daidai suke a gabanta, bambancin kawai wa ya san lissafinta.

Katunan 54 ne. Masu da'ira 12, masu kusurwa uku 12, kuros 9, masu kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai katunan Whot guda biyar masu lamba 20, waɗanda mai jefa su ke zaɓar siffar da za a bi. Babu lamba 6, babu lamba 9. Mutane da dama sun yi shekaru suna wasa ba su taɓa zama sun ƙirga ba, alhali a cikin wannan rashin daidaito dabarar take.

Lamba 12 sau biyu kawai ta zo, a da'ira da kusurwa uku. Lamba 4 da lamba 8 sau uku-uku, a da'ira da kusurwa uku da tauraro. Babu kuros ko kusurwa huɗu mai ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan lambobi. To, idan an lura hannun aboki ya cika da kuros, sai a jefa masa 4 ko 12 na da'ira. Ba shi da hanyar juya wasa zuwa siffarsa sai da katin 20, in babu shi kuwa sai kasuwa. Haka nan tauraro ya tsaya a lamba 8, don haka mai riƙe da taurari ba ya son ganin 10, 11 ko 13 a ƙasa.

Katin 20 shi ne aka fi ɓarnatarwa. Sabon ɗan wasa yakan jefa shi ya kira siffar da ta fi yawa a hannunsa. Gwani yana fara tuna inda abokinsa ya tafi kasuwa a baya. In a kan tauraro ya rasa abin jefawa, kuma an riga an ga taurari huɗu sun faɗi, to kiran tauraro zai sake tura shi kasuwa. Katunan hukunci ma ana ƙirga su: lamba 2 mai sa a ɗebi biyu guda biyar ce, lamba 5 mai sa a ɗebi uku a inda ake bin wannan doka ita ma biyar, lamba 14 mai tura kowa kasuwa huɗu. Wanda ya ga 2 huɗu sun wuce, ta biyar kuma tana hannunsa, ya san babu mai mayar masa da martani. Sai ya adana ta har lokacin da abokin ya sanar cewa kati ɗaya ya rage masa.

Tambayar Flores ta dawo a nan. Mai katuna uku a hannu shi ne mai hari, aikinsa ya sauke su da sauri. Mai katuna tara shi ne mai tsaro, aikinsa ya riƙa toshe hanya yana tura abokinsa kasuwa har hannuwa su daidaita. In kasuwa ta kusa ƙarewa, wasan ya koma ƙirgen lambobi, a lokacin tauraro ninki biyu ake lissafa shi, katin Whot kuma 20 ne cur, don haka abin da aka adana a matsayin makami yakan koma kaya. Da yake dokoki suna bambanta daga majalisa zuwa majalisa, mai hankali yana tabbatar da su kafin a raba, ba sai gardama ta tashi ba.

Dara ta riga kowa

Tsara runduna gwargwadon abokin karawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dara, wadda dattawa ke yi a ƙasa da gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, tana farawa ne da zubi. Kowa yana ajiye ɗa guda bi da bi, yana kallon inda abokinsa ya ajiye nasa, kuma ba a yarda a jera uku a wannan mataki ba. Sai an gama zubi ake fara tafiya, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa ɗaya. Masu dara sun san cewa yawancin wasanni a zubin nan ake cinye su. Abin da mai Magic ke yi a ɗakinsa da katuna 60, shi ne mai dara ke yi a fili da tsinke da tsakuwa, ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Abin da dara ke koyarwa, wanda lissafi kaɗai bai bayarwa, shi ne karanta mutum. Aboki yana da halaye da ba ya canzawa. Wani ba ya iya riƙe katin 20, da ya shigo hannunsa sai ya jefa. Wani yana jera katunansa siffa-siffa, har a gane daga inda ya zaro. Wani surutunsa yana ƙaruwa in hannunsa ya yi kyau, wani kuma shiru yake yi. Baƙo ba shi da wannan sani, abokin shekara biyar yana da shi. Amma kamar yadda aka san shi, haka shi ma ya san mai karanta shi, don haka rabin aikin shi ne mutum ya gano nasa halayen ya sauya su.

Inda nasara ke zama asara

Mai musu zai ce duk wannan wahala ce a kan wasa, kuma wanda aka raba wa katuna marasa kyau babu lissafin da zai cece shi. Gaskiya ne a zagaye ɗaya. Lissafi ba ya alkawarin cin kowane wasa, yana ɗan karkata ma'auni ne, kuma ƙaramar karkata in ta taru a wasanni ɗari ita ce ake kira gwaninta. Matashin da ya saba riƙe lambobi 54 a ka, yana auna abin da ya fita da abin da ya rage, ya samu horon da zai yi masa amfani a awon hatsi da cinikin dabbobi.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Masu Magic sun san mutumin da ke haɗa ƙunshi don karya abokinsa ɗaya tak. Yana cinsa, amma kowa yana cin shi, kuma ba a daɗe ba abokin ya daina zuwa. Sun kuma san tseren saye, inda abokai biyu ke ta zuba kuɗi kowa na neman katin da ya fi na ɗan'uwansa. Kasuwar ta kai inda Logan Paul ya sayi katin Pokémon guda ɗaya a kan fiye da dala miliyan 5 a 2021. Whot ta kuɓuta daga wannan, amma tana da nata ramukan: yi wa bayan kati alama da farce, leƙen hannun maƙwabci, ɓoye kati a ƙarƙashin cinya. Wanda ya ci ta haka bai ci komai ba, kuma ranar da aka kama shi dara ta ci gida.

Babban ramin shi ne kuɗi. Sunan karta ya ɓaci a ƙasar Hausa ne saboda caca, har iyaye da yawa ba sa bambanta su. Malamai sun yi saɓani a kan wasan da babu kuɗi a cikinsa, amma babu saɓani a kan haramcin caca, kuma aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta ambaci illolinta a fili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya taɓa ganin majalisar da aka fara ajiye naira ɗari a tsakiyar tabarma ya san yadda take ƙarewa. Dariya takan ɗauke, zargi ya shigo, sanin halin aboki da a da yake kawo nishaɗi ya koma hanyar kwashe masa kuɗin cefane. Yanzu da cacar wasanni ta shigo wayar kowa, majalisar da ta riƙe wasanta babu ko kwabo tana yi wa matasanta wani aiki da ba a cika yaba mata ba, domin tana ba su gasa da hira ba tare da bashi ba.

Don haka wanda abokinsa ya addaba da ci, hanyarsa a buɗe take. Ya zauna shi kaɗai ya baje ƙunshin ya ƙirga. Ya yi mako guda yana wasa don lura da abokin, ko da ana cinsa. Ya koyi gane lokacin hari da lokacin tsaro. In ya fara ci, ya bayyana wa abokin yadda ya yi, domin abokin karawa mai ƙarfi shi ke sa wasa ya yi daɗi, kuma gobe akwai wata la'asar. In an kira sallar magariba a tattara katunan a tashi tare.