Bagadaza A Cikin Akwatin Wasa: Kiran Salla Na Gaskiya, Tarihi Na Jabu

 

Mun san wasu daga cikin masu karatu za su yi mamakin ganin mun ware shafi guda domin magana a kan wasan bidiyo, abin da galibin iyaye suka ɗauka shiririta ce ta yara. Uzurinmu shi ne wannan wasa shi ya fara shigowa gonarmu. A watan Oktoba na shekarar 2023 kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya fitar da wani wasa mai suna Assassin's Creed Mirage, wanda ake bugawa a akwatunan PlayStation da Xbox da kuma kwamfuta, kuma fagensa kacokan shi ne birnin Bagadaza na zamanin Abbasiyawa, daga shekara ta 247 bayan Hijira, wato 861 Miladiyya. Matasanmu da dama da ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba sun san sunan Karkh da Harbiyya da Baitul Hikma ta wannan hanya. To, wanda ya koya wa ɗanka sunan unguwannin Bagadaza ai malaminsa ne, ko ka so ko ka ƙi, kuma haƙƙinmu ne mu san abin da malamin yake karantarwa. Saboda haka muka zauna muka bi wasan daga farko har ƙarshe, don kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba.

Adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda muke jayayya da shi, don haka za mu fara da yabo. Birnin da suka gina abin a jinjina musu ne. Mai karatu ya tuna cewa Madinatus Salam, birnin nan mai siffar da'ira da Halifa Mansur ya aza harsashinsa a 145 bayan Hijira (762), babu ko katanga ɗaya tasa da ta rage a doron ƙasa a yau. Abin da ya rage shi ne siffantawar marubuta irin su Ya'aƙubi da Khaɗibul Bagadadi. Daga irin waɗannan bayanai da abin da aka tono a wasu birane irin su Samarra ma'aikatan kamfanin a birnin Bordo suka tayar da garin: ga ƙofofinsa huɗu, ta Kufa da ta Basra da ta Khurasan da ta Sham, ga koriyar ƙubba a tsakiya, ga kasuwannin Karkh cike da 'yan tireda da masu rini, ga jiragen ruwa a kan Dijla. Mu da muka yi shekaru muna karanta waɗannan sunaye a baƙin rubutu, ranar da muka hau kan rufin soro muka hangi garin da hantsi, sai da muka ajiye abin sarrafawar muka yi shiru na ɗan lokaci.

Haka nan harshen. An yi wa wasan muryoyi da Larabcin fusha tun daga farko har ƙarshe, kuma ɗan wasan kwaikwayon nan na ƙasar Urdun, Iyad Nassar, shi ne muryar jarumin, Basim ɗan Ishaƙ. Ɗalibin Larabci zai amfana da sauraro, ko shakka babu. Ana jin kiran salla yana tashi daga hasumiyoyi. Akwai kuma wani kundi a cikin wasan mai bayani a kan wurare 66, da hotunan kayan tarihi na gaske daga gidajen adana kayan tarihi, yana magana a kan takarda da awo da kasuwanci da ilmin taurari. Wannan kundi, a ganinmu, shi ne mafi gaskiyar abin da ke cikin akwatin, sai dai kuma shi ne abin da yawancin yara ba sa tsayawa su karanta.

Ta fuskar wasan kansa, masu shi sun yi dabara da suka gajarta shi. Wanda ya gabace shi, Valhalla na 2020, yakan ci sa'o'i sittin ko fiye, wannan kuwa cikin sa'o'i sha biyar zuwa ashirin mutum ya ga ƙarshen labarinsa. Ƙarfinsa yana cikin saɗaɗawa. Za ka aika mikiyarka mai suna Enkidu ta leƙo maka gida daga sama, idan akwai maharbi a kan rufi sai ka fara kawar da shi kafin ta iya tashi, sa'an nan ka zaɓi ta inda za ka shiga: ko ka ba ɗan kasuwa toshiya, ko ka saje cikin taro, ko ka bi ta taga. A nan akwai tunani da haƙuri da lissafi. Amma da zarar an gan ka aka zare takobi, sai takaici ya biyo baya. Faɗan ba shi da armashi, tarewa ce da kaucewa ana maimaitawa har hannu ya gaji. Basim yakan ƙi bin umarni, ka nufi taga ya ɗare katanga, ka nufi igiya ya dira tsakiyar dogarai. Su kuma dogaran wani lokaci kamar an ɗauke musu hankali: ka ɓuya a cikin ciyawa ka yi fito, su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kana kashewa, na biyar bai tambayi inda huɗun suka shige ba. Sa'an nan ga wata baiwa da aka ba shi ta tsayar da lokaci ya ɓace nan ya ɓulla can ya kashe mutane a jere, wadda ta rushe duk haƙurin da wasan ya koya maka. Ba abin mamaki ba ne, domin asalinsa ƙari ne aka shirya yi wa Valhalla kafin a mayar da shi wasa mai zaman kansa, kuma ɗinkin yana nunawa.

Waɗannan duka aibobi ne da masu sharhin wasanni suka riga suka faɗa, ba su ne suka sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame mu shi ne labarin da aka zuba a cikin wannan kyakkyawan gari.

Wasan ya buɗe ne da Basim, ɓarawon titi a garin Anbar, ya shiga fadar Halifa Mutawakkil don ya saci wani abu. A can ya tarar da Halifa yana ƙasƙantar da kai gaban wasu mutane masu rufe fuska na wata ƙungiyar asiri, daga nan aka yi kokawa, abokiyarsa Nihal ta daɓa wa Halifa wuƙa. To, ya ɗan'uwa mai karatu, ɗauko Tarihin Ɗabari ka duba abubuwan da suka faru a shekara ta 247. An kashe Mutawakkil ne a watan Shawwal, a fadarsa da ke kusa da Samarra, inda hedikwatar daula take tun zamanin Mu'utasim, kuma sojojinsa Turkawa ne suka kashe shi tare da amininsa Fatahu ɗan Khaƙan, da haɗin bakin ɗansa Muntasir. Ba mu ce Mutawakkil ma'asumi ba ne. Malaman tarihi sun ambaci cewa a majalisar sha aka far masa, kuma sun ƙirga masa wasu kurakurai masu nauyi. Amma shi ne mutumin da ya ɗage fitinar nan ta cewa Alƙur'ani halitta ne, wadda Ma'amun ya ƙaƙaba a 218, aka yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala a kanta a zamanin Mu'utasim, Wasiƙ ya ci gaba da ita. Mutawakkil ya kashe wutar, ya bar malaman Hadisi suka koma karantarwa, ya girmama Imam Ahmad. Yaron da ya fara jin sunan wannan Halifa daga akwatin wasa zai tashi da hoton matsoraci ɗan amshin shatan 'yan asiri, kuma babu wanda zai gaya masa ɗaya ɓangaren.

Za a ce mana ai almara ce, kuma kamfanin da kansa yakan rubuta haka a farkon wasanninsa. Mun ji. Amma almarar da ta ari sunan mutum na gaske da shekarar mutuwarsa ta gaske, ta ajiye su kusa da kundin tarihi mai hotunan gidan adana kaya, ta yi wa mai kallo rufa-ido ne, domin gaskiyar kundin ita ke ba ƙaryar labarin ƙarfi. Yaro ɗan shekara sha biyar da wane ma'auni zai raba su? Kuma a tuna, hukumomin tantance wasanni na Turai sun sa wa wannan wasa alamar 'yan shekara 18, abin da babu mai dubawa a gidajen gem na unguwanninmu.

Dubi kuma wanda aka zaɓa ya zama abokin gwagwarmaya. Ali ɗan Muhammad, wanda Basim ya kuɓutar daga kurkuku, shi ne jagoran tawayen Zanj da ya ɓarke a 255 (869) bai mutu ba sai 270 (883). Ba mu musun zaluncin da aka yi wa bayin da ke kwasar gishiri a fadamun kudancin Iraƙi, yawancinsu baƙaƙen fata irinmu, kuma wannan tabo ne a tarihin daular da bai kamata mu ɓoye ba. Amma mutumin nan shi ne rundunarsa ta afka wa Basra a 257 (871) ta yi kisan da har yau ake buga misali da shi, ta ƙona gari, ta kama mata. Wasan ya nuna yana da zafin kai da son mulki, ya tsaya nan. A ɗaya ɓangaren, a shekarar da labarin ya fara Imam Bukhari yana raye, Imam Muslim yana raye, Abu Dawud yana raye, kuma Bagadaza matattara ce ta masu neman Hadisi daga kowace nahiya. A cikin labarin da mai wasa ke bi za ka haɗu da 'ya'yan Musa masu ƙere-ƙere, da Jahiz, da mawaƙiya Arib, amma zauren Hadisi da Fiƙihu ba shi da wani matsayi. Wannan tsohon karatu ne na Turawan gabas-sani: abin yabo a wayewar Musulmi shi ne abin da suka fassara daga Yunanawa suka ajiye wa Turai, addinin kuwa ado ne na bango.

Sai maganar Alamut, inda malamarsa Roshan ta kai Basim ya sami horo. Duk ɗalibin tarihi ya san wannan ganuwa da sunan Hasan Sabbah, wanda ya ƙwace ta a 483 (1090), fiye da shekara ɗari biyu bayan zamanin wasan, ya mayar da ita cibiyar Baɗiniyya masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai. Su ake danganta wa kisan waziri Nizamul Mulk a 1092, mutumin da ya kafa makarantar Nizamiyya inda Imam Gazali ya karantar, kuma Gazali ya wallafa littafi sukutum don tona asirin aƙidarsu. Jerin wasannin nan tun na farkonsu a 2007 ya ɗauki waɗannan mutane ya wanke su ya mayar da su 'yan gwagwarmayar 'yanci, yana jingina da wani ƙagaggen labari na Vladimir Bartol ɗan ƙasar Sulobeniya wanda ya fito a 1938, kuma taken da aka sa a bakinsu yana kore samuwar tabbatacciyar gaskiya, yana halatta kowane abu. Mu da muka ga abin da kisa da sunan aƙida ya yi wa garuruwanmu da masallatanmu, ba za mu iya kallon wuƙar ɓoye a matsayin kwalliya ba.

Mafi muni yana ƙarshe, kuma ba za mu nemi afuwa don mun tona shi ba. A ƙarƙashin Alamut Basim ya gano cewa Nihal ba mutum ba ce, wani sashe ne na kansa, wato da hannunsa ya kashe Halifa. Aljanin da ke firgita shi a mafarki kuwa tunanin wata tsohuwar rayuwa ce, domin shi Basim dawowar Loki ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mutanen arewacin Turai na da, waɗanda wasan ya ce wata al'umma ce da ta gabaci 'yan Adam, har ita ce ta ƙera su. Wannan shi ne tanasukhi, aƙidar sake dawowar rai a wani jiki, wadda malaman firaƙ suka yi ittifaƙi a kan ɓatanta, an haɗa da musun halittar Annabi Adamu (A.S.). Ka yi sa'o'i ashirin kana jin ladan, ashe inda ake jan ka ke nan. Allah Ya kiyashe mu.

A nan muna da magana da ɓangarori biyu na 'yan'uwanmu. Na farko matasan da suka cika kafafen sadarwa da murna don sun ji kiran salla a cikin wasa, kamar an ba mu wata lambar girma. Har yaushe za mu riƙa jin daɗi don baƙo ya iya furta sunanmu daidai, alhali ya canza mana nasaba? Na biyu malaman da za su ce haramun ne kawai su tashi, ba su san abin da ke ciki ba. Yaron da ya ga ƙubbar Mansur da idonsa ba zai saurari wanda bai san ko wane ne Mansur ba. Mun gwada da wasu ɗalibai a wata makarantar dare: muka tambaye su wanda ya kashe Mutawakkil, waɗanda suka amsa da sauri duk daga wasan suka samo amsar. Da muka buɗe musu Ɗabari muka karanta labarin daren Shawwal tare, da yadda Fatahu ya kifa a kan ubangidansa don ya kare shi har aka sare su duka biyu, ajin ya yi tsit, kuma aka tashi ana tambayarmu abin da ya sami Muntasir bayan haka. Muka ce musu wata shida kacal ya yi a kan gadon, sauran sai darasi na gaba.